Littafin aikin IPv6 na gida: rami ko ɗan asali

2 ga Maris

Na buɗe wannan rubutu ne don kar in manta abin da na taɓa a rauta, na'urar da ke raba intanet a gida, don na san halina, sai in canza saiti goma a dare ɗaya, washegari in zauna ina zare ido na rasa wanne ne ya ɓata abu. Abin da nake nema ba wani babba bane. Akwai wata tsohuwar kwamfuta da na mayar saba, wato ma'ajiyar da ake shiga ta netwok, hotuna ne da takardu a ciki, ina so in riƙa shiga daga waje ba sai na bi ta hannun kowa ba. Kuma dai gaskiya akwai ƙwaɗayi, tun 1998 aka fitar da tsarin IPv6, sabon tsarin adireshin intanet da zai gaji IPv4, a takardar ƙa'ida mai lamba RFC 2460, tun 6 ga Yuni 2012 manyan shafuka suka kunna shi suka bar shi a kunne, amma ni har yau in na shiga shafin gwajin IPv6 sifili yake bani. Abun ya fara bani haushi.

Na duba rauta, manhajar OpenWrt ce a kai, layin PPPoE ne, irin wanda rauta ke shiga da suna da faswod. Ɓangaren wan shi ne mai fuskantar kamfanin intanet, na IPv6 ɗinsa wan6 yana nan a kunne amma fayau, ba ko adireshi ɗaya.

4 ga Maris

Na kira kamfanin da ke bani intanet. Yarinyar da ta ɗauka ta ce yallaɓai ka kashe rautar ka kunna. Na ce 'yar'uwa ba matsala gare ni ba, tambaya nake, kuna ba da IPv6? Ta yi shiru, ta ce in riƙe layi. Bayan kusan minti goma wani ya karɓa, shi kam ya san zancen, ya ce suna da shi a cikin netwok ɗinsu amma ba su fara saukar wa masu gida ba, ana kan shiri. Yaushe? Ana kan shiri.

To, tunda ba ɗan asali, wato IPv6 kai tsaye daga kamfani, rami kenan. Ga wanda bai sani ba, rami ko tanel shi ne ka ɗauki fakitin IPv6 ka cusa shi cikin fakitin IPv4, ya bi hanyar da kake da ita har ya isa wurin wani dillali mai IPv6 na gaske, shi ya kwance kunshin ya tura gaba, amsa ma ta dawo ta wurinsa. Wanda aka fi sani a masu bayarwa kyauta shi ne Hurricane Electric. Da akwai SixXS, sun rufe ranar 6 ga Yuni 2017, kuma dalilin da suka bayar ya tsaya mun a rai: wai ramin nasu ya zama uzuri ga kamfanonin intanet, tunda masu naci sun samu hanya sai kamfanoni suka miƙe ƙafa.

6 ga Maris

Na yi rajista da wani dillalin rami, na zaɓi sabarsu mafi kusa da ni, na zo sa adireshina na IPv4 sai shafin ya ƙi, wai ba ya samun amsar ping, ɗan saƙon gwaji na kana nan, daga adireshin. Na buɗe ping a katangar tsaro, shiru. Na sake, shiru. Sai can na lura da abin da ya kamata in gani tun ranar farko: adireshin da shafukan duba IP ke nuna mun daban, wanda ke kan wan na rauta daban, na rautar yana farawa da 100.72. Ashe a bayan CGNAT nake. Duk abin da ke tsakanin 100.64 da 100.127 yanki ne da aka ware tun 2012 don kamfanoni su tara kwastomomi da yawa a bayan adireshi ɗaya na waje. Wato ni da mutanen da ban ma sani ba muna fita ta ƙofa ɗaya.

Ba laifin kowa bane a asali, adireshin IPv4 bit 32 ne, duka duka biliyan 4.3 ne ba su cika ba, IANA ta raba ragowar nata ranar 3 ga Fabrairu 2011, RIPE ta ce nata ya ƙare ƙaf a Nuwamba 2019. Amma ni abin da ya dame ni shi ne irin ramin da nake so, 6in4, ba TCP bane ba UDP bane, furotokol ne mai zaman kansa lamba 41, ba shi da lambar fot ko ɗaya, lambar nan da TCP da UDP ke bambanta wannan haɗi da wancan da ita. Shi kuma CGNAT da lambar fot yake gane fakitin wane ne wannan, na wane ne wancan. Fakiti ya dawo ba fot, wa za a ba? Sai a yar. Rabin dare na ɓata kafin wannan ya shiga kaina.

7 ga Maris

Na zauna na auna hanyoyin da suka rage. 6to4, mai farawa da 2002, shi ma lamba 41 yake bi kuma yana son IPv4 na waje, ga shi tun 2015 aka yi watsi da adireshin 192.88.99.1 da yake dogara da shi. Teredo na Microsoft yana ratsa NAT, dabarar ɓoye na'urori da yawa a bayan adireshi ɗaya, ta UDP fot 3544, amma na kwamfuta ɗaya ne, ba na gida gaba ɗaya ba, kuma ya tsufa. 6rd kuwa, wanda kamfanin Free na Faransa ya fara amfani da shi a 2007, sai kamfaninka ne ya kafa, ba abin da kai za ka tashi ka yi bane. Saura biyu: in yi hayar ƙaramar saba a waje mai IPv6 in ja rami zuwa gida da WireGuard, manhajar VPN, ko in roƙi kamfani su cire ni daga CGNAT. Na biyun ya fi sauƙi a kaina. Na tura saƙo.

11 ga Maris

Sun yarda, da ƙarin kuɗi a kan na wata. Adireshin na waje ne amma ba tsayayye ba, yana iya canzawa. Na ce a yi.

12 ga Maris

Yau kam an sha daɗi. Na kashe rauta na kunna, adireshin wan ya zama daidai da wanda duniya ke gani. Shafin dillali ya karɓa nan take. Sun bani /64 ɗaya, wato yankin adireshi na netwok guda, na bakin ramin kansa, wani /64 na cikin gida, sannan na danna wani maɓalli suka ƙara mun /48. Na tsaya ina kallonsa, /48 fa yanki 65,536 ne masu girman /64, ni da nake da kwamfuta uku da wayoyi huɗu da firinta ɗaya. Na saka kunshin 6in4 a OpenWrt, na cike adireshin sabarsu da nawa, na yi ping zuwa 2001:4860:4860::8888 na Google, amsa ta fara zubowa. Wayata ta ɗauki adireshi da kanta ba tare da na taɓa komai ba, SLAAC kenan, rauta ta yi shela cewa ga goshin adireshin gidan nan, kowace na'ura ta ƙarasa sauran bit 64 ɗin da kanta.

Shafin gwaji ya bani goma bisa goma. Na ɗauki hoto na ajiye kamar wanda ya ci jarrabawa.

13 ga Maris

Murna ta koma ciki. Tun safe uwargida ta ce intanet ya lalace. Na ce lafiyarsa ƙalau, ga shi ina ciki. Ta miƙo mun wayarta, shafi yana ta juyawa, bai buɗe ba bai kuma ce ya kasa ba. Na gwada a kwamfuta, wasu shafukan garau, wasu su tsaya cak a daidai wurin gaisuwar TLS, musayar farko ta kulle haɗi tsakanin burauza da shafi. Ping kuwa yana tafiya sumul zuwa shafin da ya ƙi buɗewar, wannan shi ya fi ɗaure mun kai.

Da farko na zargi DNS, mai fassara sunan shafi zuwa adireshi, na canza zuwa 2606:4700:4700::1111, ba canji. Na zargi wayar. Na zargi burauza. Abin da ya sa na daɗe ban gano ba shi ne na sa a raina ai akwai Happy Eyeballs, dabarar nan da burauza ke gwada IPv6 da IPv4 kusan tare, in na shida ya yi jinkiri kamar kwatan daƙiƙa sai ta koma na huɗu ba ka ma sani ba. To ashe ita dabarar farkon haɗuwa kawai take kallo, fakitin farko ƙanana ne, suna wucewa lafiya, burauza ta ce madalla IPv6 na aiki ta riƙe shi, sai an zo turo takardar shaidar shafi mai nauyi a manyan fakiti abu ya maƙale, kuma a lokacin ba komawa baya.

MTU ne, wato iyakar girman fakitin da layi ke ɗauka. Lissafin ga shi don kar in sake mantawa: layin Ethernet 1500 yake ɗauka, rami yana cin bayit 20 na kan IPv4, saura 1480, shi ne abin da dillali ya sa tun farko. Amma ni PPPoE nake, shi ma ya riga ya ci 8, layina 1492 ne, cire 20 saura 1472. Duk fakitin da ya fi haka in ya taho daga can ba ya shiga. Na tabbatar da ping mai girma, na hana a tsaga shi: 1424 ya wuce, wato 1472 in ka haɗa da 40 na kan IPv6 da 8 na ICMP, na ƙara ɗaya tak ya ɓace.

A IPv6 rautocin kan hanya ba sa tsaga fakiti, sai dai su mayar wa mai aikowa da saƙon ICMPv6 cewa ya yi girma, rage. Kuma a nan ne na kama kaina dumu-dumu, don da na leƙa katangar tsaro sai na ga tun bara, lokacin da nake jin kaina gwanin tsaro, ni da hannuna na goge dokokin da ke barin ICMPv6 ya wuce, wai ina rufe ƙofofin banza. Na mayar da su. Na sa 1472 a ɓangarena da ɓangaren dillali, dole sai duka biyun, na kunna matse MSS, wato rauta ta riƙa sa ɓangarorin biyu su rage girman fakitinsu tun farkon haɗuwa. Komai ya buɗe. In ya sake yi zan sauke shi 1280 kawai, shi ne mafi ƙanƙantar da IPv6 ya yarda da shi, a huta.

Uwargida ta ce dama kafin ka fara gyaran nan ba abin da ya lalace. Ban ce komai ba.

15 ga Maris

Lafiya lau. Na raba /48 ɗin, /64 ɗaya na gida, ɗaya na baƙi, ɗaya na saba.

17 ga Maris

Na kashe wayfay a waya, na ari layin wani abokin aikina da yake da IPv6 a datarsa, na gwada shiga sabata daga waje. Ta buɗe kai tsaye, ba tura fot ba komai. Sai shaiɗan ya ce gwada firinta mana. Na rubuta adireshinta, sai ga shafin saitinta a gabana, ba faswod ba komai. Gabana ya faɗi.

Kuskuren nawa ne. Ranar da na kafa ramin, cikin zumuɗi na jefa shi a yankin lan, na cikin gida, maimakon wan, don haka katanga take ɗaukar duk abin da ya fito daga rami a matsayin ɗan gida. Kwana biyar gidan a buɗe. Mun saba da NAT har mun ɗauka shi ne katanga, alhali shi ɓoyewa ce kawai ta dole, a IPv6 kowace na'ura tana da adireshin da duniya za ta iya kira, in ba ka ce a tare ba ba mai tarewa. Abin da ya ɗan kwantar mun da hankali shi ne faɗin /64, ba wanda zai zauna ya bi adireshi ɗaya bayan ɗaya ya gama, amma wannan ba tsaro bane, sa'a ce. Na mayar da ramin wan, na buɗe fot ɗaya tak zuwa saba, na sa wa firinta faswod.

20 ga Maris

Sabuwar rigima. Shafin da ake kallon fina-finai a talabijin ya ce muna amfani da furoksi, ya ƙi. Injin bincike kuma ya fara kawo mun sakamako da harshen ƙasar da sabar dillali take, wasu shafukan kuma kullum sai na zaɓi hotunan fitilar kan titi kafin su yarda ni mutum ne. Ban ga laifinsu sosai ba, adireshin da nake fita da shi rajistar dillali gare shi, a idonsu ni da mai VPN ba bambanci.

Na gwada toshe amsar AAAA, wato wadda ke ba da adireshin IPv6, ta sunayen shafin a DNS don talabijin ta koma IPv4, ya yi kwana ɗaya ya dawo, don sunayen da suke amfani da su sun fi wanda na sani yawa. Daga ƙarshe na yi abin kunya: na buɗe wa talabijin wayfay nata daban wanda ba a shelar IPv6 a ciki sam. Aikin kawo IPv6 gida, mataki na farko cire shi daga na'urar da aka fi amfani da ita.

23 ga Maris

Na auna jinkiri don in daina zato. Zuwa wani babban shafi da ke da saba kusa, ta IPv4 wajen milisakan 20, ta rami sama da 120. Dalili a fili yake, fakitin sai ya je wurin dillali tukuna sannan ya dawo neman shafin da ke bayan gida. Kuma da yake na'urori sun fi son IPv6 in suka gan shi, kusan duk manyan shafuka yanzu ta doguwar hanya muke zuwa musu. A karatu ba a ji, a kiran bidiyo ana ji.

26 ga Maris

Ramin ya mutu da asuba. Kamfani ya canza mun IPv4, dillali yana ta aika fakiti tsohon adireshi. Wayoyi kuma suna riƙe da adireshinsu na IPv6 suna ganin komai daidai, sai dai wannan karon Happy Eyeballs ya yi aikinsa, ba wanda ya lura sai ni. Na sa lambar rami da makullin sabuntawa a saitin rauta yadda duk sanda layi ya tashi za ta sanar da dillali sabon adireshi. Na zare wayar layin daga rauta na mayar don gwaji, cikin ƙasa da minti ɗaya ya dawo.

2 ga Afrilu

Mako guda ba abin rubutawa. Na sa sunan saba a DNS da AAAA, na kuma karɓi ikon DNS na baya, mai mayar da adireshi zuwa suna, na /48 ɗin, dillali na bayarwa.

9 ga Afrilu

Wancan injiniyan na ranar 4 ga Maris ya kira ni da kansa, ashe ya rubuta sunana. Ya ce malam kai ne mai tambayar IPv6 ko? Za su fara gwaji da mutane kaɗan, ina so? Na ce tun jiya.

10 ga Afrilu

Sun kunna. Layin PPPoE ya tashi, sai ga adireshi mai farawa da fe80 a kan wan, na yi tsalle, sai na tuna fe80 na tsakanina da rautarsu ne kawai, ba ya zuwa ko'ina. Na jira, ba komai. Na duba log, rautata tana ta aika roƙon DHCPv6, wato roƙon a ba ta adireshi, ba amsa. Na tura masa hoton log ɗin, bayan awa biyu ya ce in sake gwadawa, akwai abin da ba su kunna ba a ɓangarensu.

Ya zo. Amma /64 ɗaya tal. Wanda ya saba da /48 a ce ya koma /64, kamar an fitar da kai daga gida an ba ka ɗaki ne. Kuma ba son girma bane, SLAAC ba ya aiki sai da /64 cikakke, Android kuma ba ya karɓar adireshi ta DHCPv6 irin na gargajiya, don haka ba zancen in yanka shi ƙanana in raba wa gida da baƙi da saba. Na fara rubuta masa doguwar wasiƙa har da ambaton RIPE-690, takardar da masu netwok suka rubuta suna ba da shawarar a ba kwastoma /56 ko /48, sai na ce bari in fara duba nawa ɓangaren. Saitin reqprefix, inda rauta ke faɗin girman yankin da take roƙo, yana kan auto. Na rubuta 56, na sake tada layi. Sai ga /56, yanki 256. Ashe ba su hana ba, ni ne ban tambaya ba. Na goge wasiƙar.

11 ga Afrilu

Awo: shafin nan na ranar 23 ga Maris yanzu milisakan 20 da ɗoriya ta IPv6, daidai da na huɗu. MTU 1492, ba ragin komai. Na mayar da talabijin wayfay na kowa, fim ya buɗe, ba zancen furoksi. Hotunan fitilar titi sun ɓace. Wallahi bambancin kamar ka sauke kaya daga ka.

Amma ba ko'ina ba. Akwai wani shafi da nake yawan shiga, ta ɗan asalin ya fi ramin jinkiri, na bi sawu da traceroute na ga fakitin ya tsallaka wata nahiya ya dawo. Na fahimci abin, dillalan nan sun shekara da shekaru suna ƙulla hanyoyin IPv6 da kowa, kamfanina kuwa yanzu ya fara, abokan musayarsa a IPv6 ba su kai na IPv4 yawa ba. Na tura wa injiniyan, ya ce ya gani, zai kai gaba.

14 ga Afrilu

Na bar ramin da ɗan asalin duka a kunne, na ga abin mamaki: kwamfutata tana da adireshi daga kowanne, wani lokacin ta fita da wannan wani lokacin da wancan. Ita na'ura ba ta san wanne ne gajeriyar hanya ba, ƙa'idar RFC 6724 take bi, in komai ya zo daidai sai ta zaɓi adireshin da goshinsa ya fi kama da na inda za ta. In ta zaɓi na rami, rauta dole ta bi da shi rami, don in ta tura shi ta kamfani za su iya yar da shi tunda ba adireshinsu bane. Sakamako, shafi ɗaya da sauri, na kusa da shi da jan ƙafa, ba dalilin da mutum zai gani da ido. Na yi amfani da saitin ip6class na OpenWrt na ce yankin gida da na baƙi daga ɗan asali kawai za su sha, yankin saba daga rami.

18 ga Afrilu

Ga inda ɗan asalin ya nuna halinsa. Wuta ta ɗauke na ɗan lokaci, rauta ta mutu ta tashi, kamfani ya bani /56 sabo fil, ba wanda nake da shi jiya ba. Kwamfutar tafi-da-gidanka da wayoyi ba su mutu ba tunda batir gare su, suna nan riƙe da tsohon adireshi, ga kuma sabo sun ƙara a kai. Ita rauta in tana raye aka canza goshi tana shelar cewa tsohon ya tashi aiki, amma da yake mutuwa ta yi ta manta da shi gaba ɗaya, ba ta ce komai ba. Kwamfutar ta ci gaba da fita da mataccen adireshi, fakiti na tafiya ba ya dawowa. Sai da na kashe wayfay na kunna ta saki. Daga baya na ga matsalar har takarda gare ta, RFC 8978, ba ni kaɗai bane. Na rage tsawon ran adireshin da rauta ke shela yadda ko ya sake faruwa ba zai daɗe ba.

Abin da ya fi wannan shi ne da a ce na riga na mayar da saba kan ɗan asali, da AAAA ɗina ya zama ƙarya, dokar katanga ma da na rubuta da cikakken adireshi ta zama ƙarya. A IPv4 adireshi ɗaya ne ke canzawa, na bakin ƙofa. A nan duk gidan ne ke canza suna lokaci ɗaya. Ramin nan da nake ta yi wa gori, tun 12 ga Maris bai canza mun ko lamba ɗaya ba.

Na tambayi injiniyan ko za a iya tsayar mun da goshi ɗaya. Ya ce a tsarin masu gida babu, sai na kamfanoni, amma zai tambaya tunda gwaji ake.

19 ga Afrilu

Na kunna ULA, adireshin IPv6 na cikin gida kawai mai farawa da fd, don firinta da saba su samu adireshin cikin gida da ba ruwansa da abin da kamfani ya ga dama. Abin lura, in suna ɗaya yana da ULA da IPv4 duka, yawancin na'urori IPv4 suke zaɓa, haka tsohuwar ƙa'idar ta tsara. Bai dame ni ba.

24 ga Afrilu

Goshi ya sake canzawa sau ɗaya, ba wanda ya ji. Gyaran 18 ga wata ya yi.

28 ga Afrilu

Yau na zauna da lissafin da nake ta gudu. Asalin abin da ya sa na fara duk wannan shi ne shiga saba daga waje. To wayfay ɗin wurin aikinmu ba IPv6, layin datata ma babu, ranar nan ma aron na wani na yi. Alƙaluman Google suna nuna masu zuwa musu ta IPv6 sun haura kashi 40 cikin ɗari a duniya, ƙasashe irin Indiya da Faransa da Jamus sun yi nisa sosai, amma wannan bai amfane ni da komai ba in wurin da nake zaune a lokacin ba ya ciki. Gidana ya samu adireshi, ni mai zuwa gidan ne ba ni da hanya. Don haka na kafa WireGuard a rauta yana saurare ta IPv4 ɗin nan na waje da nake biya, kuma ta cikinsa nake tura wa wayata IPv6 daga gida. Wato na zama dillalin ramin kaina. Na sa masa MTU 1412 tun kafin ya koya mun hankali, 1420 da ya saba zuwa da shi na layin 1500 ne.

Niyyata da farko ita ce da zarar ɗan asali ya zo in ce su mayar da ni CGNAT in daina biyan ƙarin nan. Yanzu na ga in na yi haka abu biyu za su mutu tare, ramin 6in4 da ke riƙe da tsayayyen adireshin saba, da kuma WireGuard ɗin da nake shigowa da shi daga inda ba IPv6. Sai na bar shi tukuna.

3 ga Mayu

Injiniyan ya amsa, ba za a tsayar da goshi ba a yanzu, wataƙila in an gama gwaji. Hanyar shafin nan mai zagaye kuwa sun gyara, na duba traceroute ya daina tsallaka teku.

Abin da zan yi a makon nan: in gwada ba saba adireshi na biyu daga ɗan asali, da 'yar dabarar da za ta riƙa sabunta AAAA duk sanda goshi ya canza, in sauke TTL ɗin sunan, wato tsawon lokacin da ake riƙe amsar DNS, zuwa minti biyar, in kuma sake rubuta dokar katanga ta riƙa duba wutsiyar adireshin kawai, bit 64 na ƙarshe, ba gaba ɗayansa ba. Dole in tsayar da wutsiyar sabar da hannu don kar adireshin sirri mai canzawa ya shiga tsakani. In ya yi wata guda bai faɗi ba sai in rufe ramin. Na riga na kwafe saitinsa na ajiye a fayil daban, da lambar rami da makullin da 1472 ɗin, ko da za a sake nema.